Pathi Huɗu na Lachhima

A bakin murhu na fara jin sunan Lachhima. Duk ranar da shinkafa ta ishi kowa, ba ragi ba ƙari, sai mahaifiyata ta kankare tukunya ta ce, "Yau kamar Lachhima ce ta auna." Na ɗauka wata ce a tatsuniya. Ina shekara bakwai ta dawo gidanmu bayan rasuwar mijinta, ashe ƙanwar kakana ce. Gajeriya, da zobe a hanci, tana rungume da kwanon awo na jan ƙarfe, pathi ɗin da aka kai ta ɗaki da shi. Mu yara Bajai muke ce mata, kamar kowace kaka.

Ba ta san baƙi ba. Amma idan ta tsaya a kan tudu ta dubi gonar mutum, za ta faɗi irin da za ta ci: wannan pathi biyu, waccan pathi ɗaya da mana uku. Mana takwas ne pathi, kuma ba ta taɓa kuskuren ko ɗaya ba. Kafin saukar ruwa gida-gida ake kiranta ta auna irin da za a yafa. Takan cika kwanon, ta share bakinsa da gefen hannu, ta zuba, ta sha shayi ta tafi. Sunan nan shi ne dukiyarta, ba ta da gona ba ta da ɗa.

Shekarar da na gama sakandare, yayan mahaifina Khadga, wanda ke riƙe da gonarmu, ya dawo daga kasuwa da takardar malamin gona. An rubuta gona irin tamu kilo goma na iri take ci. Ya tambayi mai kanti pathi kilo nawa ne, aka ce uku da rabi da ɗoriya. Ya yi lissafinsa a tafin hannu.

"Pathi biyu da mana shida, Phupu," ya ce wa gwaggon tasa. "Shekara da shekaru kina sa mu zubar da iri."

"Huɗu ne, Jetha," ta ce, da sunan da ake kiran ɗan fari.

"Takarda ta ce."

"Takardar ta taɓa shiga taɓo? Ranar da aka haife ka ni na auna shinkafar mai jego. Ko ita ma yawa na yi, shi ya sa kanka ya yi tauri?"

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya karɓi kwanon daga hannunta, ya auna da kansa. Ta tsaya tana kallo, hannuwanta a naɗe cikin mayafi. Ya dube ni ya ce, "Maili, ke da kika yi makaranta, lissafin bai yi ba?" Na duba, rabawar daidai take. Na ce ya yi. Har yau abin na ci mini rai.

Ranar dashe, a watan Asar, mata goma sha biyu suka zo mana gayya. Shanu sun gama dama taɓo, ana waƙa, ana jifan juna da laka. Kafin a kawo kindirmo da dakakkiyar shinkafa, tsiron da ake dasawa ya ƙare. Fangali huɗu cikin goma sha uku suna kwance, ruwa kawai ke sheƙi a ciki.

Ba wadda ta tambayi wa ya auna. A gidan Lachhima wa zai auna in ba ita ba?

"Bajai, ido ya fara tafiya ke nan," in ji wata maƙwabciyarmu, tana wanke hannu.

"Ko kwanon ne ya tsufa ya motse?" in ji wata.

Khadga yana gefe yana gyara igiyar shanu kamar bai ji ba. Ita kuwa ba ta tona masa asiri ba. Ta goya kwando ta bi gidajen da ta saba shiga a matsayin gwana, tana roƙon ragowar dashe. Kwana biyu tana yi. Abin da ta samo iri uku ne daban-daban, da kaka wani ya nuna wani yana ɗanye, tsuntsaye suka ci rabonsu.

Bayan girbi na ɗauki kwanon na sauka kanti, na roƙi sikeli. Pathi na gyararriyar shinkafa ya ba da kilo uku da rabi da ɗoriya, yadda mai kanti ya faɗa, don ita yake sayarwa. Na zuba shanshera mai ɓawonta, wadda ake shukawa, sai ga kilo biyu da rabi. Kilo goma, pathi huɗu cif. Ashe takarda da Bajai bakinsu ɗaya.

Na hau gida ina haki na faɗa wa Khadga. Ya ce, "To ai takardar ba ta ce wace shinkafa ba." Iyakar abin da ya ce ke nan. Na bi gidaje ina bayani, ana gyaɗa mini kai ana ba ni shayi. Damina ta gaba gida biyu kaɗai suka kira Bajai awo. Mahaifiyata ma ta daina faɗin maganar nan a bakin murhu, wai kada a ɗauka gatse take yi.

Wata rana na sami Bajai tana goge kwanon da toka da lemun tsami. Na ce zan rubuta duk abin da ya faru a littafin da nake tara labarin gidanmu, da sunan wanda ya auna.

"Bar Jetha, ɗan yayana ne," ta ce. Ta miƙo mini kwanon da wata ƙusa. "Littafi gara ke ci. Ki zana mini a jikin nan, Maili: shanshera kilo kaza, gyararriya kaza, masara kaza. Ki danna da ƙarfi, yadda ko toka ba za ta goge ba."