Na raina maganar Mama Ladi a ɗakin ɓeraye

Jiya malamina ya turo min takardun bincikena ya ce, "Hadiza, waɗannan ɓerayen ba 'yan kwana bakwai ba ne."

Digiri na biyu nake yi a jami'ar da ke Bosso. Ina duba yadda ƙwaƙwalwar jariran ɓera ke fara karɓar saƙon sinadarin adirenalin yayin da suke girma, kuma bambancin kwana biyu ma yana canja komai.

Nan take na tuna Mama Ladi, dattijuwar da ke share ɗakin ɓerayen. Ranar da na zo ɗaukar su ta tare ni da Hausarta:

"'Yata, takarda ya juya. Wannan yara ya wuce sati, ido ya kusa buɗe."

Na ce, "Mama, ki ji da tsintsiyarki."

Ashe katin da ke nuna kwanakinsu a jikin kejin aka musanya. Aikin wata huɗu ya rushe, ɓerayen da na kashe don binciken sun mutu a banza.

Yau na je ba ta haƙuri. Ta ce, "Ba komai, Malama," ko ɗagowa ba ta yi ba.

Wallahi wannan ya fi asarar aikin yi min ciwo. Don Allah jama'a, ta yaya zan gyara?