Cefanen Asabar a Titiwangsa Ba Fasfo a Hannu

Mun tashi bayan sallar asuba daga unguwarmu ta Wangsa Maju, ni da maƙwabciyata 'yar Katsina, wadda ta girme ni kuma ta daɗe a wannan ƙasar da muke baƙunta. Tun a lif gabana yake faɗuwa. Fasfona yana jami'ar da maigidana yake karatu ana sabunta mana biza, kwafi kawai nake da shi a jaka da takardar makaranta. Ga shi duk satin, a guruf ɗin matan unguwa na waya ba zancen da ake yi sai na kamen baƙi marasa takarda a kasuwanni.

Dole ce ta fitar da ni. Juna biyu gare ni, likita ta ce jinina ya yi ƙasa, in dage da cin ganye. Masallacin unguwarmu yana raba wa iyalan ɗalibai tikitin cefane, wanda ba a karɓarsa sai a kasuwar manoma, nawa kuma ranar wa'adinsa zai ƙare. Maigidan ya yi tafiya.

Jirgin ƙasa ba cunkoso, sanyin cikinsa kamar firij. Mun canja jirgi a tashar Masjid Jamek muka sauka Titiwangsa, muka taka. Duk mai kakin da na hango, ko da mai gadin tasha ne, sai in koma bayan maƙwabciyata, ita kuwa tana dariya wai mai ciki ba ta ɓuya a bayan siririya.

Kasuwar rumfunan tamfol ce a filin ajiye motoci. Alayyahu da raɓarsa, kuɓewa zara-zara, gwanda, rogo, da ɗan mitsitsin barkonon nan nasu da ya fi attaruhu faɗa. Komai ya fi na babban kanti araha. Wata tsohuwa mai ganye ta karɓi tikitina ta ce, "Boleh," wato ya yi. Mai taya ta aiki wani dattijo ne mai furfura a gemu, da gani shi ma baƙo ne. Ya dubi cikina, ya ƙara min damin alayyahu, ya yi min sallama da Larabci.

Yana cikin ɗaure ledar sai kasuwar ta yi tsit. Motoci sun tare ƙofofin, jami'an shige da fice suna shigowa. Na ga mutane suna tsallake kwata, kwandon tumatir ya kife ba wanda ya waiwaya.

"Yaya, mu gudu," na ce.

Ta damƙe hannuna. "Kul! Wanda ya gudu shi ake bi. Tsaya ki yi ta Hasbunallahu."

Wata jami'a ta zo ta nemi fasfo. Na miƙa mata kwafin. Ta juya ta, ta dube ni, ta koma gefe tana waya. Ban san daɗewar da muka yi ba. Abin da nake ta gani shi ne in haihu a tsare, uwata tana Kano ba ta sani ba. Ɗan cikin ya yi ta harbi. Tsohuwar ta jawo kujerarta ta zaunar da ni.

Can jami'ar ta dawo ta miƙo min takarduna, ta ce sunana ya fito a rajistarsu, in tafi.

Muna fita muka wuce wata babbar mota mai raga. Dattijon nan yana ciki a zaune, hannuwansa a kan gwiwa. Ya gan ni da ledar, ya ɗan gyaɗa kai.

Ba mu iya komawa jirgi ba, tasi muka hau har gida. Na yi miyar alayyahun da yamma, na ci don likita ta ce in ci.

Da ina ganin takardar zama abu ne na ofis da maigidan yake fama da shi. Yanzu na san ita ce kawai ta raba ni da motar nan, ba wayona ba, ba kuma don na fi mutumin kirki ba. Ban san sunansa ba, ban san inda aka kai shi ba. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a.