Kawu Sale a Gindin Ganuwa

Wata Juma'a ce cikin damina, shekarar da aka ƙara wa ma'aikata albashi har kowa ya shiga sayen keke da rediyo, ina aji uku a firamare. Muna 'yar gala-gala a tsakar gida ni da ƙawayena sai ga Kawu Sale ya shigo da sabon rediyo a kafaɗa, gashinsa fari fat da siminti, yana taka rawa. Ya ɗaga ni sama, ya ce nan da Sallah sai ya saya wa Inna keken ɗinki. Inna tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce ya je ya wanke ƙafa tukuna, amma na ga tana murmushi.

Kawu Sale ƙanin Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya baro gonar gero a ƙauye ya zo Katsina leburanci, don a lokacin duk inda ka juya gini ake yi. Baba ya ba shi ɗakin zaure a gidanmu na Ƙofar 'Yandaka. Shi ke taya ni ɗebo ruwa a famfon unguwa, shi ke haɗa wa ƙannena mota da kara da gwangwanin madara, ran da babu aiki kuma ya sa mu gaba zuwa Babbar Kasuwa, mu dawo muna shan rake.

A wurin ginin, iya kwanon kankaren da ka hau da shi, iya abin da za ka samu. Akwai wata 'yar ƙwaya da ake sayar wa leburori a bakin aiki, suna ce mata a-ji-garau. Wanda ya haɗiye ta sai ya wuni yana hawa tsani, ba gajiya ba yunwa. Kawu ya fara da ɗaya, daga baya ɗaya ta daina isarsa. Tuwon da nake kai masa zaure ya riƙa dawowa yadda na kai shi. Ya rame, idanunsa suka yi ja, in ya fara magana ba ya tsayawa. Sai ya ce rediyon yana kiran sunansa yana zaginsa, ya farfasa shi da dutse. Wata safiya mun yi shirin makaranta ya ƙwace taɓarya a hannun Inna ya tsaya bakin ƙofa, ya ce ba mai fita, wai akwai masu jiran mu a waje. Sai da maƙwabta suka haura katanga suka riƙe shi.

An kai shi ƙauye wurin wani malami, ya sha rubutu da hayaƙi. An kai shi asibiti, ya dawo shiru, jikinsa a sanyaye. Amma ba mai ɗaukar leburan da ke tafiya a hankali, don haka ya koma wa ƙwayar, ciwon ya dawo ya fi na da. Ranar da ya kunna wuta a ɗakin zaure, Baba ya zauna gaban Inna ya ce, "Ki yi haƙuri, Hauwa. Ga yara cikin gida."

Haka Kawu ya koma gindin ganuwa, kusa da ƙofar gari, ya kafa kwali da tsohon buhun siminti. Kullum in na taso makaranta, kafin in yi wanke-wanke, sai in kai masa kwano. Wata rana ya gane ni ya tambayi ƙannena, wata rana ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba. In yara suka jefe shi, dattijan da ke zaune a inuwa su kore su, don kowa ya san ƙanin wace ce. Inna takan je da kanta ta roƙe shi ya yarda a mai da shi ƙauye, ya ƙi, ta dawo ta zauna bakin murhu ta yi tagumi. Sau ɗaya na ji ta ce wa maƙwabciyarmu, "Wallahi na gaji. To in na bari, wa za ya kai mashi?"

Ina shekarar ƙarshe a firamare na je da kwanon na tarar da wurin wayam. Baba ya bi tashoshi yana tambaya. Wani direba ya ce ya ga mai kama da shi a hanyar Jibiya, wani ya ce Kano. Inna ta rayu har ta ga jikokinta, ta rasu ba ta san ko yana raye ba.

A wancan zamanin shi kaɗai ne ke kwana waje a unguwarmu, kuma ba wanda bai san sunansa ba. Yanzu in na bi ta tasha ko bakin kasuwa da safe sai in ga samari birjik kwance kan kwalaye, kwalaben maganin tari zube a gefensu, wani yana ta faɗa da wanda ba mai ganinsa sai shi. Mutane na ratsa su suna wucewa, ni ma ba na iya tsayawa wurin kowa. Nakan rage tafiya dai in dube su. Kowannensu ƙanin wata ne.