Ranar Da Na Nemi Tayar Tirela

Shekarun baya, lokacin ina sayar da kayan gwanjo da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wani kwantena ya zo mini da abin da ban aika a sayo ba. A tsakanin firjoji da kekuna da kekunan ɗinki sai ga ɗan ƙaramin jirgin ruwa na alminiyam, mai shimfiɗaɗɗen ciki, ba inji, yana zaune a kan wani ƙarfe mai ƙafa biyu da ake ɗaura wa mota a baya ta ja. Mu a nan remok muke ce wa wannan ƙarfen. Duk sauran kayan suka ƙare, jirgi ya ƙi tafiya. Na ajiye shi a ƙofar gidana a Zongo, awaki suka mayar da ƙarƙashinsa wurin kwana, matan layinmu suna shanya barkono a kansa, ni kuma aka laƙaba mini Kaftin. Har a masallaci, in na shigo a makare, sai in ji wani dattijo yana cewa a buɗa wa Kaftin hanya.

Sau ɗaya na taɓa kai shi ruwa, ranar da wani ya ce yana so ya gwada kafin ya saya. Muka tura remok ɗin cikin ruwan gishiri har ya shanye tayoyin, mutumin ya zagaya ya dawo, ya ce zai yi shawara. Har yau yana shawarar. Na jawo abina gida na ajiye yadda yake, ban san gishiri ya shiga cikin ƙafafun yana aikinsa ba.

A wannan lokacin mahaifiyata tana zaune wurin ƙanwata, a wata unguwa can bayan Zogbo inda ƙasa ta yi kwari, kusa da tafki. Ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, aka yi mata aiki, likita ya ce ta kwanta a miƙe, kada a zaunar da ita, kada a lanƙwasa ƙafar sai ƙashi ya kama. Muna cikin wannan jinya damina ta kankama.

Wata safiya, bayan an kwana ana ruwa an tashi ana yi, ƙanwata ta kira ni. Mijinta ya yi tafiya arewa. Ta ce ruwa ya shigo ɗaki tun asuba, ita da maƙwabta sun ɗora gadon Inna a kan bulo, amma ruwan hawa yake yi. Masu kwalekwale suna kwashe mutane, sai dai kwalekwalen nasu siriri ne, dole mutum ya zauna a tsugune, Inna kuwa ba ta zaunuwa.

"Yaya, saura kaɗan ya taɓa katifa," in ji ta. Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali, don na san ƙanwata, mai saurin kuka ce.

Na fito ƙofar gida ban san inda zan nufa ba, sai idona ya faɗa kan jirgi. Cikinsa zai ɗauki katifa a shimfiɗe. Na kori awaki, na zubar da ruwan da ya taru, na ɗaura remok a bayan motata. Tayoyin biyu duk sun kwanta, gefensu ya tsattsage saboda zaman rana. Mai facin layinmu ya ba su iska, ya dube su ya dube ni, ya ce in tafi a hankali. Na ce to, na taka mota kamar ana bi na.

Sauri ya haifi nawa. Ban yi nisa ba na fara jin wani kuka daga baya, ta hagu, kamar ana wasa wuƙa. Na yi kamar ban ji ba. Ina wuce babban shataletale sai motar ta yi nauyi, warin roba ya cika mini hanci, sannan na ji fashewa. Na samu na gangara gefen titi, daidai rumfar wani mai faci, inda masu zem, wato 'yan acaɓanmu masu riga ruwan ɗorawa, suka fake wa ruwa.

Mai facin, wani ɗan ƙabilar Fon mai furfura, ya fito da buhun leda a ka ya duƙa. Ya taɓa ƙafar ya janye hannu da sauri don zafi. Ya ce ba tayar kaɗai ba ce, boris ɗin ciki ne, wato ƙarfen da ƙafar ke juyawa a kansa, ya bushe ya cije, ƙafar ta daina juyawa, na yi ta jan ta a kan kwalta har ta fashe. Ya kwaso sifanoninsa kaf. Wannan ya yi wa notin yawa, wancan ya yi kaɗan, domin remok ɗin ƙirar wata ƙasa ce mai awo daban da namu. Ga tsatsa ta haɗe noti da ƙusa sun zama abu ɗaya. Ya zuba baƙin mai, ya sa guduma, ɗaya ya kwance, na biyu ya karye. Da ya samu ya zare ƙafar, boris ɗin ya zubo a tafin hannunsa kamar garin barkono. Na kawo tayar ajiya ta motata, ramukanta ba su dace ba. Shi kuma irin wannan 'yar tayar, mai ɗan fin ta baro girma, bai taɓa ajiye ta ba.

Ƙanwata ta sake kira. Na duba wayar na kasa ɗauka.

Ina da wani aboki, Bakano, mai sayar da tayoyi ta wajen Tokpa-Hoho. Mun daɗe tare, kuma tun ranar da muka haɗu yake tsokanata a kan Hausata. A cewarsa mu 'yan Zongo mun jiƙa Hausa a cikin Faransanci mun shanya, in na yi magana sai ya nemi tafinta. Ni kuma abin yana ɗan sosa mini rai, don kakannina ma da Hausa suka zo garin nan. Shi ya sa duk lokacin da zan yi magana da shi nake tace bakina. To ko a wannan rana, da ruwa yana dukana, hankalina yana wurin uwata, wannan ɗabi'a ba ta sake ni ba. Na buɗe baki zan ce remok, sai wani abu ya ce mini zai yi dariya. Na laluba na samo kalmar da nake jin su suna faɗa.

Na ce, "Mutumina, Inna na cikin ruwa a bayan Zogbo, zan je ɗauko ta, tayar tirela ta fashe mini a hanya."

Ya tambaye ni lambar tayar. Na ce ta goge, ya kawo duk wadda ya samu, na kwatanta masa inda nake. Bai ƙara tambayar komai ba, ya ce ga shi nan.

Na tsaya ina jira, ina kai da kawo a gaban rumfa. Wannan karon da ƙanwata ta kira na ɗauka. Ta ce gefen katifa ya fara jiƙewa, Inna ta ce a ba ta carbinta. Na ce mata ina hanya, na kusa. Ban taɓa jin na zama mutumin banza kamar a wannan tsayuwar ba, ga jirgi a gabana, ga ruwa ko'ina, amma ba ni da yadda zan haɗa su.

Can sai ga wata babbar mota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya. Abokina ya diro daga gaba, ya naɗe ƙafar wando. A bayan motar, an ɗaure da igiya, ga wata taya da ta kai mini ƙirji.

Ya waiga hagu ya waiga dama. Ya ce, "Ina tirelar?"

Na nuna masa remok.

Ya dubi 'yar ƙafar da ke kwance a gaban mai faci, ya dubi tayar da ya kawo, ya dube ni. Masu zem suka fara ƙunshe dariya, ɗaya ya kasa ya sake ta. A wurin mutanen Kano, tirela ita ce babbar motar nan mai dogon baya da ke ɗaukar siminti. Ashe da na ce ina hanyar shiga ruwa da tirela, sai ya ɗauka na yi dabara ne na samo babbar mota, tunda ƙananan motoci ba sa iya shiga. Tayar kuwa ba ta ɗaukuwa a kan zem, shi ya sa ya roƙi maƙwabcin shagonsa ya ba shi motar kaya da direba.

"Kai da za ka ce mini remok ɗinka na kullum," in ji shi. "Yau ne ka ga damar yin Hausa?"

Na ji idona ya cika, na juya baya don kada masu zem su gani. Abokina ya matsa wajen remok. Ya zagaya jirgin, ya kama bakinsa ya ɗan ɗaga, ya ji ba shi da nauyi. Ya je ya auna bayan motar da taku. Daga nan ya ce a kwance tayar a gangaro da ita.

Ban roƙi kowa ba. Mai faci ya yi wa masu zem bayani da yarensu, na ji kalmar uwa a ciki, sai kawai suka fito cikin ruwan. Aka kwance jirgi daga remok, aka ɗaga shi sama kamar makara, aka zura a bayan motar, gindinsa ya ɗan leƙo waje, aka ɗaure da igiyar da ta ɗauro taya. Na bar motata da remok da ƙatuwar tayar a hannun mai faci, mutumin da ko sunansa ban sani ba. Biyu daga cikin masu zem suka kulle baburansu suka hau tare da mu.

Sai da muka shiga unguwar na gane abin da Allah Ya yi mini. Tun daga bakin kwalta ruwa ya kai gwiwa, ga ƙananan motoci nan sun mutu a ciki, masu su sun tsaya a kan dakali suna kallo. Da remok ɗina ya yi lafiya, a nan zan tsaya ni ma, kuma tsakanin nan da gidan akwai tudun yashi da jirgi ba zai bi ba sai an ɗauke shi a ka. Babbar motar ta ratsa ruwan, ta haye tudun, ta kai mu har bakin layinsu. A nan muka sauke jirgi muka tura, ruwa yana kai mana ƙugu.

Mun tarar da ƙanwata tsaye a cikin ruwa ta riƙe kan gado. Inna tana kwance a miƙe, ƙasan zanenta ya jiƙe, tana jan carbi. Jirgin bai shiga ƙofar ɗaki ba, don haka muka cire ƙyauren, muka zura ƙyauren a ƙarƙashin katifar a hankali, muka ɗauko Inna a kai zuwa jirgin. Ɗaya daga masu zem yana ta cewa dusuma, dusuma, wato sannu sannu. Inna ko ƙara ba ta yi ba. Katifar ta zauna a cikin jirgin daidai, ƙanwata ta shiga ta riƙe mata lema.

Ni ne ɗan farin Inna. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yaba mini a gaban mutane ba, in tana son wani abu a wurina sai ta faɗa wa ƙanwata ko da ina zaune. Haka aka tarbiyyantar da ita, kuma ban taɓa jin haushi ba. Muna cikin turawa, ni a dama, abokina a hagu, sai ta juya kai wajensa ta tambayi ko shi ne Bakanon nan mai taya. Ya ce shi ne, ya gaishe ta da jiki. Ta sa masa albarka, ta sa wa iyayensa, ta sa wa masu zem.

Sannan ta ce, "Ka faɗa wa abokin naka, Allah Ya yi masa albarka. Allah Ya ba shi masu ɗaukar sa."

Hannuna yana kan bakin jirgin, bai fi taku ɗaya da kanta ba. Abokina ya leƙo ta saman lemar ya ce mini, da murya sosai kamar ina nesa, "Ka ji saƙo." Na ce na ji. Allah Ya taimake ni ana yayyafi, fuskar kowa a jiƙe take.

A gidana ta ƙarasa jinyarta. Ƙashin ya kama, ta tashi da sanda, ta yi shekaru tana takawa zuwa gidajen suna da biki a Zongo kafin Allah Ya karɓi abinsa.

Remok ɗin sai da na yi ta yawo kafin ya tashi. Wani mai walda ya yanke tsofaffin ƙusoshin ya sa irin namu, abokina ya samo mini ƙananan tayoyi har da ta ajiya, mai facin nan na bakin titi ya sa sabon boris ya cika shi da giris, ya ce duk ranar da ya shiga ruwan gishiri in wanke shi da ruwan famfo. Na daina neman mai saye. Kowace shekara kafin damina nakan ɗaga ƙafafun in juya su in saurara.

Hausawa na cewa wani hanin ga Allah baiwa ne, kuma ni na gani da idona. Na gode wa mai faci, na gode wa masu zem da ban sake ganinsu ba, na gode wa mutumin da ya ji uwar abokinsa na cikin ruwa bai tsaya dogon bincike ba ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa ya taho. Amma in na zauna ni kaɗai, abin da nake gode wa Allah a kai ya fi wannan. Na yi shekara da shekaru ina ɗan Inna, kuma sau ɗaya tak na ji ta sa mini albarka da kunnena. A cikin ruwa ne, ta bakin wani, kuma ya ishe ni har in mutu.