Mun Jira Rana Ta Yi Sanyi

Jiya na ji wani likita a rediyo yana magana kan shanyewar ɓarin jiki. Ya ce masu bincike suna ta gwajin sababbin magunguna da za su narkar da jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ko da an makara wajen kai mutum asibiti. Na kashe rediyon, don Baffa ya faɗo mini a rai.

Baffa yayan mahaifinmu ne, baduku a Ƙofar Marke. Zaurensa kullum ƙamshin jar fata yake yi. Ba ya son gaggawa. Ko ina za a je, sai ya ce, "Ku bari rana ta yi sanyi."

Wata rana da hantsi ina zaune gefensa, basilla ta suɓuce daga hannunsa. Ya so ya ɗauka, hannun ya ƙi. Bakinsa ya karkace.

Na ce, "Baffa, mu tai asibiti."

Da ƙyar, harshe ya yi nauyi, ya maimaita maganarsa ta kullum. Wa ya isa ya musa wa Baffa? Muka shafa masa man zafi, muka yi ta yi masa fifita.

Sai bayan la'asar muka kai shi. Likitar asibitin ta dube ni ta ce, "Da tun da safe kun kawo shi, da akwai allurar da za mu gwada." Kwana tara ya yi, bai ƙara cewa uffan ba har ya rasu.

Har yau ina jin haushin wannan biyayya tawa. Allah Ya ba masu binciken nan sa'a. Baffa, Allah Ya sanyaya makwancinka, Ya yafe mana jiran da muka yi.