Burtalin da Ya Ratsa Sansanin Yara

A gidanmu na Palladan, idan Kaka Laraba ta sauke tuwon dare ba ta kashe wuta. Sai ta ja kujera bakin murhu, ta tura masara cikin garwashi, mu jikoki mu kewaye ta muna ture-ture. Tatsuniyoyinta duk na ban dariya ne, ban da labari ɗaya. Shi wannan ba ta sa masa waƙa, kuma duk wanda ya yi motsi sai ya sha harara. Labarin kafa sansanin yara na ikilisiyarmu ne, can bayan Shika.

Ta ce a lokacin babu komai a wurin sai ciyawa da rafi. Malam Yakubu, wani malamin makaranta ɗan Sabon Gari, shi ya nace a riƙa kai yara daji lokacin hutu, su koyi iyo da hawan dutse da kwana a tanti. Mutumin kirki ne, in ji Kaka, amma iyakar dajin da ya sani furannin gaban coci. Ita aka ɗauka mai girki, ta tafi da mahaifiyata Saratu, wadda ko yaye ta ba a yi ba.

Suna isa Malam ya hango wani fili dogo, babu ƙaya babu kututture, ya miƙe har bakin rafi. Ya gode wa Allah, ya sa aka jera tantuna a kai. Ba wanda ya tambayi kansa wa ya share wurin. Ashe burtali ne, hanyar da shanu ke bi zuwa ruwa, ga shi an gama girbi, garkuna sun fara saukowa.

Daidai nan Kaka takan rage murya. Da yamma tana tuƙa tuwo ta ji ƙasa na motsi a ƙarƙashinta. Ta ɗaga kai ta ga ƙahoni sun cika hanya, shanu ne masu ƙishirwa, sun jiyo ruwa suna sassarfa. Manyan yara sun tafi dutse da Malam. Ƙananan suna barci a tanti na farko, har da Saratu.

"Na yar da muciya na ruga," in ji ta, "amma na san ba zan riga su isa ba."

Wani dattijon makiyayi ne ya yanko ta cikin ciyawa da gudu, ya tsaya gaban tantin, ya ɗaga sanda yana kiran uwar garken da sunanta. Saniyar ta ja birki, ta yi huci, ta karkata. Sauran suka bi ta, suka tattake madafin Kaka, tukwane da komai, amma ko igiyar tantin ba su taɓa ba. Da Malam ya dawo, dattijon bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malam, da ka tambaye mu. Nan hanya ce." Kafin duhu aka kwashe tantuna zuwa kan tudu, kuma har Malam ya rasu ko turke ba a kafa a burtalin ba.

Ina ƙarama, abin da nake ji kawai shi ne saura kaɗan da ba a haife ni ba, sai in matsa jikin Mama in ƙanƙame ta.

Yanzu sansanin ya girma. Akwai ɗakunan kwana da filin ƙwallo da kwale-kwale a rafi, makarantun Samaru na layin kawo yara, ni kuma ina cikin kwamitinsa. A zaman da ya wuce aka kawo shawarar zagaye wurin da katanga, har da burtalin, saboda iyaye na tsoron halin rashin tsaro da ake ciki. Ban ga laifinsu ba, ni ma uwa ce. Na tashi na ba su labarin Kaka, na roƙi a je a zauna da makiyayan tukuna. Suka saurara cikin ladabi, aka ɗaga hannu, ni kaɗai na ƙi.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Na daɗe ina ɗauka labarin na shanu ne, sai yanzu na gane na maƙwabcin da ya ruga domin 'ya'yanmu ne. Sati mai zuwa za a fara haƙa harsashi, 'yata na cikin masu zuwa hutun bana, kuma ban san ko mun bar wanda zai sake rugawa dominta ba.