Hankufa a Bayan Katanga

"Wai ran Asabar za a yi wa maƙabarta feshi."

"Gara haka. Ciyawa ta kai ƙugu, ga macizai."

"Inna Jumma ta ji kuwa?"

"Ni dai ba a bakina ba."

A layin injin niƙa aka yi wannan hirar, a wani ƙauye kusa da Tofa, kuma kafin la'asar ta isa kunnen tsohuwar.

Inna Jumma ta haura saba'in, kuma da hankufa aka san ta: ɗan tsiro mai ganye toka-toka, mai laushi kamar karan-miski, ƙananan furanni rawaya cunkushe a jikin karansa. Saiwar take jiƙa wa yaro mai fitar da haƙori, ganyen ta dafa wa mai tari. In ciwo ya fi ƙarfinta ba ta ɓoyewa. "Wannan na asibiti ne, 'yar nan, ɗauki mayafinki." Rabin magidantan garin sun sha jiƙonta tun suna goye.

Da a kurmin bayan gari take tsinkowa. Kurmi ya zama gona, gona ta haɗe da gona, bara maganin feshi ya cinye ɗan abin da ya saura a iyakoki. Wuri ɗaya ya rage, inuwar itatuwan maƙabarta. Mace kuwa ba ta shiga, sai dai ta hango furen ta kan katanga.

Asabar da hantsi ta tare ƙofar. Ga jikanta Uwaisu, mai 'ya'ya huɗu, da tankin feshi a baya.

"Tsohuwa, ɗaki kika zo zaɓa?"

"Sai na ga furfurarka, mijin banza. Sauke tankin nan."

Ta kwatanta masa tsiron. Ya shiga, ya fito da damin ganye yana murmushi.

"Wannan tafasa ce. Ko akuya ta san ta. Koma, ka shafa ganyen da yatsa."

A karo na biyu ya dace. Ta murza kan furen a tafinta, ta ga irin bai nuna ba.

"Amma Inna, wa zai sha abin da ya tsiro a kan kabari?"

"Ba wanda zai sha. Iri nake so, in shuka a bayan ɗakina."

Ta juya wajen Malam Dabo, shugaban aikin, ta rusuna.

"Malam, don Allah a bar mini gindin marken can. In macizai ne, a bi ciyawar da lauje. Sati uku nake roƙo, iri ya bushe."